Ba Mai Zuwa Dubiya

Tun da aka kafa dokar cewa wanda ba ya jin zafi ba majinyaci ba ne, dubiya ta mutu a unguwarmu.

Ladidi ta zame a bakin rijiya, ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗa ya karye. A asibiti aka tsira mata allura a gindin wuya, jijiyar ta yi barci, aka sallame ta. Ko lemo ba wanda ya kawo mata.

Washegari yayarta Dije ta shigo. Ladidi ta gyara kwanciya tana jiran sannu.

"Tashi ki taya ni daka, gobe suna."

"Yaya, karaya fa na yi!"

"Yana miki ciwo?"

"Ba ya yi."

"To, me zan ce miki? Sannu da hutawa?"

Ladidi ta ja tsaki, ta fizgi taɓarya. Duk ɗagawa sai wani ƙas-ƙas ya fito daga ƙarƙashin rigarta, ita kuwa ba ta jin komai.

Dije ta dakata, ta waiga.

"Wai wace marowaciya ce ke cin ƙuli-ƙuli ita kaɗai a gidan nan?"