Bular Inna a Haƙoran Giya

Har yau in na ga bula sai na yi murmushi. Wata la'asar a gidanmu na Sharaɗa, Baba ya kwance giyar bayan motarsa ta dakon fatu. Washegari yana da lodi a Challawa, ga fentin da ke nuna inda haƙoran giya suke haɗuwa ya ƙare.

Inna ta dama bular wanki da man gyaɗa a kwano, ta dire a gabansa.

"Haba ke kuwa, mota ce fa, ba zani ba!"

"Malam, ku shafa dai."

Ya shafa, ya juya giyar. Shaidar ta fito a gefen haƙori. Ya gyara, ya sake juyawa, ta fito tsakiya cif.

Baba ya yi kabbara. Inna ko waiwayowa ba ta yi ba.

"A wanko min kwanona."