Bana Ba Waƙa a Makaranta

Da ƙafarsa Barnabé Lankoandé ya rushe 'yar bukkar laka da ɗalibai suka gina a ƙofar makaranta, wadda suke kwantar da 'yar tsanar jariri Yesu a ciki duk Kirsimeti. Yara suka yi cirko-cirko. Shi ne shugaban makarantar, kuma shi ke jan waƙa a coci ranar Lahadi.

Kafin rana ta take, iyaye sun cika aji.

"Makarantar gwamnati ce, ba ruwanta da addinin kowa," in ji shi. "Za a ci shinkafa, a raba alewa. Bukka da waƙar coci kuwa, bana babu."

"Yau ka san haka, Malam?" Pélagie mai burkutu ta riƙe ƙugu. "A filin nan na fito a Maryamu a wasan Kirsimeti, 'yar liman ta fito a mala'ika. Wa ya mutu?"

"Ranar layya 'ya'yanku ke cinye mana hanta," in ji Alhaji Combary tela. "Mun kai ƙara?"

Barnabé ya sunkuyar da kai, abin na cin ransa. Ranar kasuwar da ta wuce, wasu masu babura suka tare shi a hanyar garin Fada, suka kifa masa buhu a kai. Wani ya ce masa a tsanake: idan waƙar coci ta tashi a makarantar nan, za su kulle ƙofa da yaran a ciki, su cinna wuta. In ya gaya wa kowa, da 'yarsa za su fara. Bai ga fuskar ko ɗaya ba.

Don haka ya shanye zagin. Aka kira shi arne, aka kira shi karen gwamnati. Da suka gaji, jikinsu ya fara sanyi, har Pélagie ta ɗauki ƙwaryarta za ta fita.

Sai wani ya miƙe daga baya, baƙon da ke sayar da fetur a kwalba bakin tasha.

"Haba iyaye! Mutum ɗaya zai kashe mana al'ada? A sake gina bukka, a yi waƙa. Kowa ya kawo 'ya'yansa, har na goye."

Aji ya kaure da tafi, hannuwa suka tashi sama.

Barnabé ya ƙura masa ido. Bai taɓa magana da mutumin ba, amma wannan muryar ce ya ji ranar da kansa ke cikin buhu.