Ƙwaya Ɗaya Daga Fim ɗin Chizuru

Ran Alhamis ce, ana yayyafi tun safe. Tsoho Sakichi ya ɗauki lema ya gangara silimar bakin tashar jirgin ƙasa.

Ranar za a rufe silimar har abada. Fim ɗin da za a nuna na ƙarshe na Amagi Chizuru ne, 'yar wasan da ta yi tashe bayan yaƙin duniya. A lokacin ko'ina hotonta ne, har jikin kwalin ashana. Ta yi fim sittin, ta ajiye sana'ar, ba a sake ganinta ba.

Duk garinmu an san Sakichi da fim ɗin nan. Shekara talatin, duk sanda aka kawo shi, yana layin gaba shi kaɗai. Mata na cewa son Chizuru ne ya kama shi tun yana kafinta a kamfanin fim a Kyoto. Yau kuwa matarsa Fusa kwana arba'in da takwas da rasuwa. Ita ce matar da ruwan bama-bamai ya ƙone wa rabin fuska, ba ta zuwa biki, ko mai hoto ta hango sai ta juya baya. Gobe malamin ɗakin ibada zai zo gida addu'ar kwana arba'in da tara.

Mai sayar da tikiti ta bi shi da harara.

Mutum huɗu ne a ciki. Da fuskar Chizuru ta cika allo, Sakichi ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar lemarsa. Ya yi gyangyaɗi ma. Sai da aka zo inda take ɗinka wa mijinta soja rigar sanyi, aka matso da hoton kan hannuwanta, sannan ya miƙe zaune. Allura na shiga tana fita. Bai ƙifta ido ba.

Da aka tashi ya hau bene wurin Tatsuzo, mai haska fim, ya tarar yana cusa faifan a gwangwani.

"Ina za a kai shi?"

"Ƙonawa. Ya tsufa, kamar ni da kai."

"Yanko min ƙwayar hoto ɗaya daga ciki. Wurin ɗinkin."

Tatsuzo ya cire tabarau. "Kai tsohon banza, turaren matarka bai gama ci ba, kana neman hoton wata?"

"Za ka yanka ko ba za ka yanka ba?"

"Shekara arba'in ban taɓa sa almakashi a fim ɗin mutane ba."

"Ai wuta ce za ta cinye shi."

Tatsuzo ya yi tsaki, ya warware zaren fim ɗin yana ɗaga shi ga fitila. "To ga inda take murmushi. In za a yi abin kunya a yi mai kyau."

"Wurin ɗinkin na ce."

"Babu fuska a nan fa. Hannu ne kawai."

"Na sani."

Tatsuzo ya yanko ya miƙa masa. Sakichi ya naɗe ƙwayar a hankici, ya biya shagon mai wanke hoto, ya tsaya a kansa har ya gama.

Washegari da sassafe ya share gida, ya kunna turare. Ya ɗauko firam ɗin da ya kwana arba'in da tara babu komai a ciki, ya sa hoton, ya kafa a wurin tunawa da mamata. Chizuru ba ta taɓa iya riƙe allura ba. Ranar ɗaukar fim ɗin, wata yarinya, Fusa, aka kira daga ɗakin ɗinkin kamfani aka ɗauki hannuwanta, kuma hotonta ke nan kaɗai a duniya.