Ragowar Allurar Jakuna

Na ga yadda ka ɓata fuska ɗazu da na sa ka lalata ragowar allurar nan a gabana. Ka ce ɓarna ce, ko ba haka ba? To zauna ka ji, ba kai ne farkon likitan dabbobi mai tausayin magani ba.

An yi wani likita a wani gari, mutumin kirki, wanda tsohuwarsa ta rene shi a kan cewa ba a zubar da ragowa. Ita mace ce da ko ƙanzon tukunya ba ta bari ya tafi a banza, sai ta jiƙa shi ta yi ɗumame. Da ya kama aiki aka damƙa masa mabuɗin akwatin ƙarfe, inda ake kulle allurai masu sa barci da kashe zafi, waɗanda doka ta ce likita kaɗai zai taɓa, abin da ya rage a kwalba kuma a lalata shi a gaban shaida. Duk sauran sharuɗɗan ya riƙe su da kyau. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya masa a wuya. Yaya za a yi a tsiyayar da magani mai tsada, alhali ga jakunan masu itace da ƙurji a baya, masu su ko na gishiri ba su da shi? Sai ya riƙa tara ragowar a wata kwalba marar suna, yana yi wa jakunan talakawa aiki da ita kyauta. Kwalbar ba ta ajiyuwa a asibiti, don masu bincike na iya zuwa kowane lokaci, saboda haka ya kai ta gida. Ya yi tunanin yara, ya yi tunanin ɓarayi, ya yi tunanin samarin unguwa masu shaye-shaye, ya ga babu inda ya kai ɗakin tsohuwarsa tsaro, tunda ba mai shiga sai da sallama. Ya tura kwalbar bayan jeren kwanoninta ya ce, "Inna, maganin ciwo ne na jakuna, kada yara su taɓa." Kuma wallahi ta tsare masa ita, ko jikan da ta fi so bai san da zamanta ba.

Abin da likitan bai saka a lissafi ba shi ne gwiwoyin tsohuwar. Ta daɗe tana salla a zaune, ba ta kuma son ta dame shi da ƙorafi, don tana ganin ɗawainiyar gida ta ishe shi. Wata rana ta leƙa ta zaure ta ga an kawo jaki yana harbin iska saboda azaba. Ɗanta ya ɗebi kaɗan daga kwalbar ya yi masa allura, jakin ya kwanta lamo, aka ɗinke shi bai ko motsa kunne ba, daga baya ya miƙe ya kama hanyarsa. Ta ce a ranta, maganin da ya iya da jaki ai gwiwar tsohuwa ba za ta gagare shi ba. Ranar kasuwa, bayan ɗan ya tafi kasuwar kara duba shanu, ta zuba a kokonta ta sha. Ba ta san abin da aka auna don jaki ya fi ƙarfin mutum ba, kuma babu rubutu a jikin kwalbar da wani zai karanta mata. Matar likitan ta leƙa da hantsi ta gan ta kwance a kan darduma, ta ja mata ƙofa a hankali don kada ta tashe ta. Sai da azahar ta yi ba ta nemi buta ba, sannan aka gane rai ya yi halinsa. Da ɗan ya dawo ya miƙa hannu bayan kwanoni, ya tarar ta rufe kwalbar gam ta mayar da ita inda ya ajiye, don kada sauran ya zube. Shi da kansa ya kai kwalbar ga hukuma. Suka karɓe mabuɗin da takardar aikinsa, ya sakar musu ba gardama, domin abin da ya rasa ya wuce takarda.

Har yau in na tuna mutumin nan zuciyata takan yi nauyi, don bai ci amanar kowa don cikinsa ba, tausayi ne ya kai shi. Amma dokar da ta ce a lalata ragowa ba don ɓarayi kaɗai aka yi ta ba, an yi ta har don uwar da ba ka taɓa zargi ba. Tashi ka wanke hannunka. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.