Fulogi Huɗu da Rabin Tanki

Tunda ka ce ka san kan abin tun ba ka taɓa shi ba, zauna in ba ka misali.

An yi wani tsohon direba da ya ci ƙuruciyarsa a kan kwalta, har Allah ya buɗa masa ya ajiye tuƙi ya koma mai motoci. Mutumin nan ya san mota, ba a ƙwace masa wannan. Matsalarsa ɗaya, ma'auninsa bai wuce biyu ba: ya buɗe bonet ya dubi girman inji, sannan ya ƙirga fulogi. In shida ne ya ce mashayiya, in huɗu ne ya ce 'yar albarka. Ran nan sai ya ga wata jar motar tsere 'yar Kwatano a wurin dillalai, ƙasa-ƙasa, kamar ta durƙusa tana gaisuwa. Da ya buɗe ta sai ya tarar da inji bai fi tukunyar tuwon suna ba, fulogi kuma huɗu cif. Dillalin ya fara cewa, "Alhaji, irin wannan injin fa," sai ya ɗaga masa hannu. "Ni za ka koya wa mota? Wannan ai lasar mai za ta riƙa yi." Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne, injin ba irin wanda ya saba da shi ba ne. Babu fistin mai hawa da sauka a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake ta wulwulawa a cikin kwanso. Ga ƙarfi ga gudu, amma ba ya ƙone mai ya cinye tas, wani kason ta salansa yake ficewa, kuma iya yadda ka taka shi iya yadda yake kwankwaɗa.

Ko sati motar ba ta yi a gidansa ba aka bugo masa waya daga ƙauye da hantsi, mahaifiyarsa ta cika. Ƙanensa ya ce an fara haƙa kabari, amma za su riƙe liman har la'asar, don shi ne babba, kuma tsohuwar ta sha faɗa cewa shi take so ya sa ta a kabari da hannunsa. Ya fito hankali a tashe, ya tsallake tsohuwar motarsa da ta san hanyar kamar jakin gida, ya faɗa jar motar don ta fi sauri. Rabin tanki ne a ciki. Rabin tanki kuwa shekara da shekaru yana kai shi gida har da saura. A bakin gari ya ga gidan mai da ɗan layi, ya ce ba shi da lokacin ɓatawa. Ya taka totur, mota ta miƙe tana kuka, bishiyoyi suna wucewa kamar ana fizge su. Can ya duba ya ga allurar mai ta yi ƙasa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, yadda ya saba yi wa tsofaffin motocinsa, don a saninsa allura maƙaryaciya ce. A mararraba 'yan bumburutu suka ɗago masa galan, ko kallonsu bai yi ba. Inji kamar tukunya, ina zai kai rabin tanki? Ya saki kwalta ya kama hanyar burji.

Tsakiyar daji, inda babu gida gaba babu gida baya, mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Ya fita ya karyo kara ya zura a tanki, ya zaro shi a bushe ƙayau. Wallahi mutumin nan tsayawa ya yi yana kallon karan, baki buɗe. Ya buɗe bonet ya sake ƙirga fulogin, huɗu ne dai, ba su ƙaru ba. Waya babu sabis. Ya tuɓe babbar riga ya saɓa a kafaɗa, dattijo da furfurarsa, ya kama gudu a kan burji yana haki, har Allah ya kawo wani mai amalanken shanu ya ɗauke shi. Shanu kuwa ba su san ana sauri ba.

Rana ta yi ja lokacin da ya hango rimin ƙauyensu. A nan ya yi kiciɓis da jama'a suna dawowa, wasu da fartanya, wasu da tulun da aka kwaɓa ƙasa da ruwansa, mutum biyu riƙe da makara babu kowa a kanta. Ƙanensa ya matso, ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya ce, "Yaya, mun jira har liman ya ce a ji tsoron Allah." Tsohon direba ya zauna daɓas a tsakiyar hanya, ya ɗora hannu biyu a ka.

Ka ji dalilin da Hausawa suke cewa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.