Babin da Ya Rubuta Mata

Sai da mijinta ya yi wata biyar da rasuwa sannan ta iya buɗe kwamfutarsa.

Likitan dabbobi ne, ya shekara shida yana rubuta tarihin rayuwarsa. Babin ƙarshe a gadon asibiti ya buga shi, da yatsa ɗaya. Duk sanda ta leƙo sai ya rufe, ya ce, "Uwar son gani! Wannan naki ne, sai littafi ya fito za ki karanta."

Ta ƙudura sai ta buga littafin nan. Don kada wani abu ya salwanta, ta shiga imel ɗinta ta sauke kwafin da ya taɓa turo mata a kan kwamfutar tasa. Sai ga littafi biyu, suna ɗaya. Ta jera su bisa kwanan wata, wanda ta sauke ya hau sama. To, wannan ai ba sai an tambayi kowa ba, na sama shi ne sabo! Ta zuba shi a filashi, ta goge ɗayan don kada a ruɗe. Kwamfutar kuwa ta sa mai gyara ya wanke ta tas, ta ba wata makaranta sadaka.

Bayan sati uku mai ɗab'in littattafan da ta kai wa filashin ya ce ta zo shagonsa.

"Mama, littafin nan babi tara ne kawai."

"Sha biyu dai, ɗana. Duba da kyau, shi ne sabon."

Ya juyo mata da allon. "Kwanan watan nan fa bayan rasuwar Baba ne. Ranar da kika sauke shi ce, ba ranar da ya rubuta ba. Wannan tsohon kwafi ne. Ina ɗayan?"

Ko sallama ba ta yi ba ta nufi makarantar, ta karɓo kwamfutar ta mayar wa mai gyara. Mai gyara ya kwana biyu yana laluben kwamfutar, daga ƙarshe ya girgiza kai: an riga an loda wasu abubuwa a kai.

Nan bakin shagon mai gyaran ta durƙushe tana kuka kamar yau aka yi rasuwar. "Wayyo ni! Maganarsa ta ƙarshe gare ni, da hannuna na share ta."

Har gobe ba ta san abin da ya ce mata ba.

Jama'a, saukewa ko kwafewa kan canza kwanan watan fayil. Kada ku goge komai sai kun buɗe kun ga abin da ke ciki.