Gidan Zanzaro a Bayan Fitila

Gyara zama, ɗan'uwa. Tunda ka ce ci gaban maƙwabcinka ya hana ka jin daɗin tuwo, bari in ba ka wani misali.

An yi waɗansu direbobi biyu a wata tashar ƙauye, kowa da tsohuwar akori-kurarsa. Ɗaya ya shekara ashirin a tashar, ɗayan kuwa bara ya zo, amma Allah ya ba shi farin jini. Duk sa'ad da babban ya ji mai kaya yana cigiyar motar baƙon, sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji. Da damina ta kankama, fitilun motocin biyu suka soma gumi ta ciki. Raɓa ta kwanta a jikin gilashi, haske ya koma dishi-dishi kamar ido mai yana. Ana cikin haka wani attajirin kayan gwari ya zo neman motar da za ta riƙa yi masa sammako zuwa birni har kaka. Ya ce zai dawo ranar Asabar bayan sallar asuba, wanda fitilarsa ta fi haske shi zai ba aikin, domin hanyar ramuka ce, ga kuma wata siririyar gada.

Babban ya zauna ya yi nazari, ya ce ai ruwa ba ya shiga sai ya ga ƙofa. Ya ɗaga bonet, ya lalubo wata 'yar kafa a bayan kowace fitila, ya ce ga ɓarauniyar nan. Ya sayo gam ya liƙe su ƙam, ko iska ba ta wucewa. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Ranar Juma'a da tasha ta watse aka nufi masallaci, sai ya ja baya wai zai sake alwala. Ya je motar baƙon, ya kwance igiyar da ake ɗaure bonet da ita, ya leƙa. Sai ya tarar da kafofin a toshe da busasshiyar laka, ashe zanzaro ne ya gina gida a ciki. Ya cije leɓe ya ce, "Kai! Har zanzaro ma aiki yake yi masa?" Ya sa tsinke ya sakace lakar tas, ya bi da baki ya hure, don ruwa ya sami hanyar shiga. Ya isa masallaci an riga an idar da raka'ar farko, amma zuciyarsa fari ƙal.

Ranar kuwa aka ƙwalla rana har la'asar. Damshin da ke cikin fitilun baƙon ya sami ƙofa, ya fice abinsa. Na babban kuwa ya rasa mafita, sanyin asuba na bugun gilashi ya koma ruwa. Attajiri ya zo ya ce a kunna. Hasken baƙon ya doki katangar tasha har ana ƙirga bulo. Na babban ko tsinin takalminsa bai haska da kyau ba, ruwa na gangarowa a cikin gilashin kamar hawaye. Nan take aka fara loda wa baƙon kwandunan tattasai.

Bakaniken tasha ya leƙa motar babban, ya taɓa gam ɗin, ya riƙe haɓa. "Haba, maigida, wa ya toshe wa fitila hanci? Ita ma numfashi take yi, ta nan guminta ke fita." Baƙon ya leƙo ta taga ya ce, "Ni fa ban san wanda ya share mini nawa ba. Ko wane ne, Allah ya saka masa da alheri." Tasha duka ta ɗauka da amin. Babban yana tsaye a tsakiyar mutane, idanu a kansa, dole shi ma ya ɗaga hannu ya shafa.

To, ka ji, ɗan'uwa. Koma gida ka ci tuwonka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.